Cinikin modem da koren akwati: yadda na bi diddigin gudun layinmu

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Gardamar daren jiya ce ta sa na fara wannan rubutu. Muna cikin gaisawa da Hajiya ta bidiyo sai hoto ya daskare, ta tsaya baki buɗe a fuskar waya kusan rabin minti, kira ya yanke. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wai ba faiba ka ce muna biya ba?" Na ce faiba ce mana. Ta ce, "To faibar taka ta gaji."

Wata huɗu ke nan da muka tare a wannan gida a Bradford, gidan haya irin na jere, ginin dutse, da ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufi inda nake karatu. Kamfanin da muka ɗauka megabit 67 ya tallata. A takardar yarjejeniya kuma, can ƙasa, an rubuta cewa mafi ƙarancin abin da suka lamunce mana shi ne 48. Yau na yi gwajin gudu da wayata a wuri uku: falo 34, ɗakin kwana 21, ɗakin karatu 12. Kwamfutar tebur da ke sama, wadda na haɗa da irin na'urar nan mai tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida, ta ba ni 31.

Layi ɗaya, lamba huɗu. Da wacce zan kai ƙara? Na ƙudura ba zan kira kowa ba sai na san gudun da layin kansa yake kai, kafin Wi-Fi da bangon dutse su ci rabonsu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ashe rabin gaskiya na faɗa wa uwargida.

A Birtaniya abu biyu ake kira faiba, wato intanet ta zaren gilashi. Akwai wadda zaren gilashin ke shigowa har cikin gida, a liƙa maka ɗan farin akwati a bango. Akwai kuma irin tamu: gilashin yana tasowa daga tashar tarho ya tsaya a wani koren akwati na bakin titi, daga nan zuwa gida kuwa tsohuwar wayar tarho ce ta jan ƙarfe, wadda ba mamaki ta girme ni. Sunan tsarin FTTC, fasahar da ke tura bayanai cikin jan ƙarfen kuma VDSL2. Akasarin waɗannan akwatuna da wayoyi na Openreach ne, kamfanonin da muke biya haya suke yi a kai. Shi ya sa ko ka sauya kamfani sau goma, tsawon wayarka ba ya raguwa da taku ɗaya.

An daɗe ana rigima a kan sunan. Kamfanin CityFibre, mai shimfiɗa gilashi zalla, har kotu ya je yana neman a hana kiran rabi-da-rabi faiba a talla, ya sha kaye a 2019. Sai a watan Satumban 2024 ƙa'idar hukumar sadarwa ta Ofcom ta fara aiki, cewa dole a fayyace wa mai saye ko cikakkiyar faiba ce ko ta rabin hanya. Mu a Yuli muka sa hannu.

Bayan la'asar na fita neman akwatinmu. Na same shi a kwanar titi na uku, kusa da shagon mai sayar da jarida. Biyu ne ma: tsoho mai lamba a jiki, inda wayoyin unguwa ke haɗuwa, da sabo a gefensa mai ramukan shan iska, in ka matsa kusa za ka ji yana huci. Wannan mai hucin shi ne inda gilashi ya ƙare. Taswirar waya ta ce daga ƙofarmu mita 430 ne. Wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya tana kallona ina kasa kunne a jikin akwati, na yi mata murmushi na wuce.

Talata, 5 ga Nuwamba

Daren wasan wuta ne na Turawa, tun magariba ake ta fashe-fashe kamar gari zai tsage, yara sun ƙi barci. Na zauna da kwamfuta.

Manhajar kamfanin da ke waya ba ta faɗin komai sai "an haɗu", da ɗan koren ɗigo. Amma rautar tana da shafinta na ciki. Adireshin da kalmar sirrin suna jikin wata takarda da aka manna a bayanta; na rubuta 192.168.1.1 a burauza, na shiga, na yi ta tone-tone har na kai wani sashe na bayanan fasaha. Ga abin da na tarar:

Saukewa, 44,180 kbps, wato megabit 44 da ɗoriya. Ɗorawa, 11,900. Mafi girman abin da layin zai iya, 51,900. Ratar hayaniya, 6.2 dB. Raunin sigina, 19.4 dB.

Lamba ta farkon nan ita nake nema. A fuskar rautar data rate aka rubuta, masu harkar kuma sync speed suke cewa. Ni a raina na sa mata suna farashin ciniki, don abin da ke faruwa ke nan. Duk lokacin da aka kunna modem, wato sashen rautar da ke magana da layi, a mintin nan da fitila ke ƙiftawa, shi da koren akwati ciniki suke yi. Kowa yana auna wayar, yana jin yawan hayaniyar da ke cikinta, a taya, a ce albarka, a sake tayawa, har a tsaya a kan lambar da duka biyun suka yarda wayar za ta ɗauka ba tare da kaya sun zube ba. Da an sallama, magana ta ƙare. Lambar ba ta motsi da rana ko da dare, ko gidan duka na kallon fim ko kowa ya yi barci, sai ranar da layi ya yanke aka sake zama.

Gwajin gudu kuwa wani abu ne daban. Shi yana auna abin da ya iso hannunka ne bayan ya ratsa Wi-Fi, da cunkoson yamma, da ƙarfin wayarka, da nisan uwar garken da kake gwaji da ita. Yana iya yin ƙasa da farashin ciniki saboda dalili ɗari. Ba zai taɓa haura shi ba.

Wato dai matsala biyu gare ni. Daga 67 zuwa 44 ta layi ce. Daga 44 zuwa 12 ta cikin gida ce.

Ratar hayaniyar nan ta 6 dB, ita ce sararin da ake bari tsakanin ƙarfin sigina da ƙarar da ke cikin waya, kamar direban tirela da ba ya cika kaya har baki saboda gargada. Shida ita ce abin da ake farawa da shi a layukan nan. Tunda tawa tana kan shida, babu wanda ya daƙile ni da gangan; abin da wayar ta iya ke nan a halin da take ciki.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na sauko da kwamfutar cinya falo, na soka mata kebul kai tsaye a bayan rauta, na kashe Wi-Fi. Sau biyar na gwada, duk tsakanin 40.8 da 41.4.

Lissafin ya zauna. Kusan kashi 3 cikin ɗari na farashin ciniki yana tafiya tun kafin a fara, wani ɗan kaso kuma adireshi da marufin da ke kan kowane ƙunshin bayanai ke cinye shi. Wanda layinsa ya tsaya a 44 zai ga 41. Wanda ya kai ƙololuwa, 79,999 a tsarin 80/20 (80 saukewa, 20 ɗorawa), zai ga saba'in da wani abu. Haka abin yake, ba sata ba ce. Ɗana na fari kuma ya zo da nasa ƙorafin, wai wasan da yake saukewa 5 kawai yake nunawa. Na ce ya duba da kyau: tasa MB ce da babban B, tawa da ƙarami, takwas ɗin wannan ke yin ɗayan wancan. Biyar sau takwas arba'in. Ya ce, "To Abba ai ba a cuce mu ba ke nan." Na ce ka bari tukuna.

Ita 67 ɗin ma ba alkawari ba ce ga gidanmu. Tun watan Mayun 2018 dokar talla a ƙasar nan ta ce lambar da za a rubuta ita ce wadda aƙalla rabin masu hulɗa da kamfani ke samu tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. Ɗaya rabin fa? Muna ciki. Lambar da ke da haƙori ita ce 48. Kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idar Ofcom ta Maris 2019 suna da kwana 30 su gyara in gudu ya faɗi ƙasa da abin da suka lamunce, in sun kasa kana iya ficewa ba tara.

Na kuma shiga shafin BT Wholesale da ake duba ƙarfin layi. Layinmu ba shi da lambar tarho, intanet zalla ne, don haka da adireshi na nema. Ya tabbatar min da lambar akwatin da na gani ranar Lahadi, ya kuma ba da hasashe kashi biyu: na layi mai tsafta, da na layin da wani abu ya taɓa, kamar karkatacciyar wayar cikin gida. Arba'in da huɗu ɗinmu a gindin kashi na biyu take. Hannunka mai sanda.

Na kira kamfanin. Yarinyar da ta ɗauka ta yi min ladabi, ta gwada daga can, ta ce kafin a turo injiniya sai na jarraba soket ɗin gwaji, domin in aka zo aka tarar laifin daga cikin gida yake, ni zan biya kuɗin zuwan. Na tambayi nawa ne, ta faɗa. Na ce zan jarraba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Rautarmu a falo take, a soket ɗin bayan talabijin, inda muka ga rami muka soka ranar da muka tare. Ashe wannan reshe ne. Uwar soket ɗin tana zaure, bayan kantar takalma, ƙura ta rufe ta. Ana gane ta da layin da ya raba fuskarta biyu, ƙasan yana da kusoshi biyu. Daga titi zuwa wannan soket hurumin masu layi ne, ba a taɓawa. Murfin ƙasan da duk abin da ya biyo bayansa na mai gida ne. In ka kwance murfin ka jawo shi a hankali, wayoyin rassan gida duka sun fita daga layi, sai ka ga wani ramin a ciki. Shi ne soket ɗin gwaji.

Ina tsugune da sukundireba, ƙofa a buɗe don haske, maƙwabcinmu ya leƙo. Dattijo ne ɗan fansho, aikin wayoyin tarho ya yi har ya tsufa, ban taɓa sani ba sai yau. Da ɗan gari akan ci gari. Abu na farko da ya ce: kada in kuskura in yi ta zarewa ina sokawa. Akwai wata manhaja da ke gadin kowane layi dare da rana, DLM ake ce mata. Ba ta san ni ne ke wasa da waya ba. In ta ga layi na yankewa a kai a kai sai ta ɗauka ba shi da lafiya, ta ƙara masa kariya, ta rage gudu, wani lokaci ta sa masa iyakar da zai yi makonni bai fita ba. Ya ce in kashe rautar daga wuta tukuna, in ba ta rabin awa, sannan in sauya wuri, kuma sau ɗaya a rana ya isa. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Na bi maganarsa. Na sha shayi, na yi azahar, na dawo na kunna a ramin gwaji.

Saukewa 52,600. Ɗorawa 16,400. Mafi girma 61,000. Raunin sigina 18.1.

Megabit takwas da ɗoriya, daga zare murfi ɗaya. Gwajin kebul ya ba da 49. Da na bari an turo injiniya, da na biya kuɗi a nuna min bayan kantar takalmana.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Rauta ta kwana a ƙasa a zaure, murfi na reto, waya ta gitta hanya. Uwargida ta ce in wani yaro ya yi tuntuɓe ni da shi ne.

Dattijon ya dawo da 'yar fitilarsa ya duba bayan murfin. Waya uku-uku ne a maƙale, kashi biyu: ɗaya ya tafi falo, ɗaya ya hau bene zuwa wani soket da aka shafe da fenti a bayan wadirof, ba wanda ya san da shi. Ya nuna min lamba 2 da lamba 5, shuɗi da fari, su ne ainihin layin. Ta lamba 3 mai ruwan lemo ita ce wayar ƙararrawa, ta zamanin tarho mai kuka da ƙarfe. Biyun farko a murɗe suke da juna, duk ƙarar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar, sai su kashe juna. Ta ukun ba ta da abokiyar murɗi, don haka eriya ce kawai, tana kwaso shara daga ko'ina tana zubawa a layi. Reshen da ya hau bene kuma, tunda ba komai a ƙarshensa, sigina na zuwa ya bugi bango ya dawo, kamar amsa-kuwwa a rijiya, ya rikita mai tahowa.

Na kira mai gidan, wani Alhaji ɗan asalin Pakistan da muke Juma'a masallaci ɗaya, na nemi izini. Ya ce in dai ba bango zan fasa ba, bismillah. Muka zare rassan biyu gaba ɗaya, muka naɗe bakinsu da salatif muka tura ciki, ko mai shigowa bayanmu zai so su. Na yi odar sabon murfi mai matata a ciki da ɗan kanta da za a kafa a bango.

Laraba, 13 ga Nuwamba

A nan ya kamata in tsaya. Mun haura 48, ba ni da ƙara. Amma tazarar da ke tsakanin 52 da 61 ta tsaya min a rai, kuma rautar kamfani ba ta nuna kurakurai, ba ta nuna irin kariyar da aka ɗora wa layi. Na sayi wani modem mai rauta, FRITZ!Box 7530, na hannu. Uwargida ta ga kwalin, ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Haɗa shi bai yi wuya ba: sunan shiga da kalmar sirri daga kamfani, sai wata lambar saiti da ake kira VLAN, wadda a layukan Openreach 101 ce. Na haɗa sauyin da kafa sabon murfi don yankewar ta zama ɗaya. Ya tsaya a 53,100. Ya ƙiyasta tsawon waya mita 510, ba 430 ba, domin waya ba ta bin hanyar da ƙafa ke bi.

Sai na buɗe shafin zane, na kai sha biyun dare ina kallo.

Ashe sigina ba ɗaya ba ne. An raba wayar zuwa ƙananan gidaje 4096, kowane gida faɗinsa 4.3125 kHz, tun daga ƙasa har zuwa 17.664 MHz. Kowane gida ana ɗora masa kaya gwargwadon tsaftarsa, daga bit ɗaya har 15, wanda ya cika ƙazanta a bar shi fanko. Ana aika wannan ayari sau 4000 a daƙiƙa. To farashin cinikin nan ba wani sihiri ba ne: ka tara kayan dukan gidajen saukewa, ka ninka da dubu huɗu, ka cire na kariya. A zanen namu gidajen farko dogaye ne kamar dala, suna gangarowa, can wajen megahaz 12 zuwa sama sun zama 'yan guntaye. Jan ƙarfe yana cinye manyan mitoci da sauri, shi ya sa mai gida a gindin akwati ke samun 80, mai nisan kilomita guda ya gode wa Allah in ya ga 30.

Abin da ya tsayar da ni shi ne lambobin da ke ƙasan zanen: 9, 11, 15, 17. Na san su. Su ne a fuskar rediyon Baba, mita 31, mita 25, mita 19, mita 16, gajeren zango, inda yake murɗa allura da asuba yana neman Landan, muna kwance muna jin shuuu kafin murya ta fito. Zangon da ya kai Sashen Hausa na BBC zaurukan Katsina, shi ne aka cusa cikin wayar tarho yake kawo min fuskar Hajiya a Ingila. Kuma ciwonsu ɗaya. Duk abin da ke sa rediyo shuuu, yana sa layin nan shuuu.

Shafin ya nuna an saƙa layin, wato ana warwatsa bayanai a cakuɗa su kafin a aika, don in ƙara ta faɗo ta ɓata kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa, a iya gyarawa. Kuɗin wannan kariya jinkirin milisakan 8 ne da wani kaso na gudu. Kurakuran da ake gyarawa kuwa dubbai ne a minti. Wani abu na damun layin har yanzu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kama shi, kuma ni na kawo shi gidan da kuɗina.

Kwana uku ina duba zanen kurakurai. Da rana shiru-shiru, da dare sai su yi tsiri, daga wajen tara zuwa sha biyu. Na zargi injin ɗumama gida, na zargi cajar yara, na zargi fitilar titi. Jiya ban hau sama ba saboda baƙi, zanen ya kwanta lum. Yau da safe na hau na fara sauke wani babban fayil a kwamfutar tebur, ina kallon shafin a waya: kurakurai suka tashi nan take, ratar hayaniya ta faɗo daga 6 zuwa 4 da ɗigo. Na tsayar, suka kwanta.

Na'urar nan ce mai bi ta wayar lantarki. Tana aiki ne daga wajen megahaz 2 zuwa 30, wasu ma sama da haka, wato daidai kan zangon VDSL2. Wayar lantarkin gida ba murɗaɗɗiya ba ce, watsa sigina take kamar tasha, ga shi kuma na soka ɗaya a zaure, taƙi biyu daga uwar soket. Duk daren da na zauna ina gunaguni intanet ba ta gudu, ni ne ke tsaye a kan jelarta.

Na zare su biyun na jefa a durowa. Na sayi kebul mai faɗi, mita 20, na bi da shi gefen kafet ɗin bene har sama, ya ci min yini da fatar yatsa ɗaya. Kwamfutar tebur yanzu 49.6, daidai da zaure. Farashin ciniki bai motsa ba, tunda ba a sake zama ba, amma ratar ta hau 7 da ɗigo, kurakurai sun koma 'yan ɗaruruwa.

Hannuna na ƙaiƙayi in kashe in kunna, in ga sabon farashi. Dattijo ya ce in bar wa mai gadi ya gani da idonsa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara ta sauka daren jiya. Layi 53,100. Ban taɓa komai ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na tashi asuba na tarar an sake ciniki ba da ni ba. Littafin rautar ya nuna layi ya yanke ƙarfe 4 da 'yan mintuna, ya dawo bayan minti biyu. Saukewa 60,400, ɗorawa 17,100. An cire saƙar, an kunna G.INP. Wannan dabara ta fi wayo: maimakon a yi ta ɗaukar kayan gyara a kowace tafiya ko da ba a buƙata, sai a bari in ƙunshi ya lalace a sake aiko shi kawai, cikin ƙiftawar ido. Jinkirin da nake gani a gwaji ya sauko daga milisakan 21 zuwa 13. Ɗana ne ya fara lura, a wasansa, kafin in faɗa masa.

Ba zan ɓoye ba, tsarin nan ya ba ni haushi da farko. Na'ura tana yanke hukunci a kan layin da nake biya, ba ta shawara da ni, ba maɓallin da zan danna in ce na gyara, a sake dubawa. Har yanzu ina ganin ya kamata a nuna wa mutum waɗannan lambobi a fili a manhajar waya, maimakon koren ɗigo. Amma hukuncinta na farko daidai ne. Layin da ke da eriya biyu da tashar watsa ƙara a gindinsa, kariya yake buƙata.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ranar Talata an sake zama da asuba, ratar ta koma 5, gudu 62,900. Dattijo ya ce akwatuna iri biyu ne a ƙasar, na Huawei da na ECI, kuma a na Huawei mai gadin kan sauko da ratar mataki-mataki har zuwa 3 in layi ya nuna hali nagari. Namu na Huawei ne ke nan.

Ƙanena ya kira daga Abuja. Ya ji labari wajen uwargida, wai na zama injiniyan kantar takalma. An ja masa faiba a gidansa bara, ya ce, "Yaya, ni ma nuna min inda zan ga nawa farashin." Muka shiga shafin na'urarsa tare ta bidiyo, muka duba ko'ina, babu. Sai da na yi tunani na gane ba zai samu ba. Tasa gilashi ce har ɗaki, tsarin GPON, kuma a can ba a ciniki. Hasken yana tahowa da gudu ɗaya tak, gigabit 2.488 saukewa, 1.244 ɗorawa, gidaje da dama suna rabawa daga zare guda, kamfani kuma ya yanka wa kowa gwargwadon kuɗinsa. Kusa da nesa duk ɗaya, muddin haske na isowa. Abin dubawa a wajensa shi ne ƙarfin hasken da ke shigowa, wanda ake rubutawa da dBm. Nasa -21 ne, lafiya lau. Sai ya doshi -27 ake fara damuwa, ko jar fitilar LOS ta kama, alamar zare ya karye ko ya lanƙwashe. Na ce ya duba kuma ko ramin kebul ɗinsa a 100 ya tsaya ko a 1000, don kebul mai rauni kan mayar da shi 100.

Ya yi dariya ya ce, wato shi da ke Abuja gilashi har gado, ni da ke Ingila ina fama da wayar zamanin Sarauniya. Ban da amsa. Openreach na cewa za ta kai gilashi gidaje miliyan 25 kafin ƙarshen 2026, tsohon layin tarho kuma an ɗage kashe shi zuwa Janairun 2027. Titinmu dai shafin dubawa bai sa mana rana ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Guguwar Darragh ta wuce jiya, kwandunan shara sun yi yawo a titi, layi bai yanke ba. Tun ranar Litinin yake kan 65,310 saukewa, 17,300 ɗorawa, rata 4. Gwajin kebul 61. Ko zai sauka 3, ko nan zai tsaya, ban sani ba, kuma in maƙwabta suka ƙaru a kan akwatin zai iya ja baya kaɗan, tunda wayoyin a dami ɗaya suke tafiya suna jin maganar juna. Wi-Fi a ɗakin karatu har yanzu 20 da 'yan kai ne. Wannan aikin bangon dutse ne, sai wani watan in albashi ya shigo.

Da yamma muka kira Hajiya. Muna cikin gaisuwa, ina tambayarta sanyi, hoto ya daskare. Uwargida ta juyo ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Na buɗe shafin rauta a ɗaya wayar: 65,310, kuskure ko ɗaya babu. Kiran bidiyo ma megabit biyu zuwa uku ya ishe shi, ko ranar da muke 44 ba layinmu ne ya gaza ba, na san haka tun mako na farko, ban dai faɗa ba.

Can sai ga Hajiya ta kira da kanta. Ta fito tsakar gida, ta lulluɓa da mayafi saboda hunturu, tana zaune a gindin darbejiya. Ta ce, "Ai na gaya wa yaran nan, a ɗaki ba ya kamawa, sai nan." Muka yi minti arba'in ba yankewa, har ta sa aka ɗaga wayar ta nuna mana tunkiyar da ta haihu.

Na rubuta 65,310 da kwanan wata a 'yar takarda na manna a ƙarƙashin kantar rauta. Na'urorin lantarkin nan biyu suna durowa, ɗana na so ya sayar wa abokinsa. Na ce ya fara tambayarsa irin layin gidansu.